"Ni zan zaɓe ta, maƙwabcina ne ba zai yarda ba": Amurka da batun shugaba baƙar fata ko mace

Safiyar Laraba, 5 ga Nuwamba 2008, da muka fito daga sallar asuba ba wanda ya wuce gida. Hunturu ya fara leƙowa, kowa ya takure cikin rigar sanyi, muka zarce teburin mai shayin bakin layinmu saboda rediyonsa ba ya mutuwa. Cikin masu zama akwai wani dattijo, tsohon direban tirela da ya daɗe yana hanyar Kano zuwa Legas, wanda ya yi watanni yana rantsuwa cewa Turawa ba za su taɓa miƙa wa baƙar fata ƙasarsu ba. Kullum hujjarsa ɗaya ce: "Ku yara ba ku san Bature ba. Zai yi maka murmushi ya ce yana sonka, in ya shiga rumfar zaɓe shi kaɗai sai ya yi abin da ke ransa." Da aka faɗi cewa Barack Obama ya lashe, har John McCain ya kira shi ya taya shi murna, sai dattijon ya ajiye kofinsa bai kurɓa ba. Ya daɗe shiru, can ya ce, "Ikon Allah. Ashe dai sun shirya." Wani matashi ya ce masa, "Baba, dama a shirye suke, ku ne ba ku yarda ba."

Na sake jin wannan gardama sau biyu, a 2016 da Hillary Clinton ta sha kaye, da kuma 2024 da Kamala Harris ta sha nata. Sai dai hukuncin ya juya: Amurka ta karɓi baƙar fata amma ba ta shirya wa mace ba. Maganar tana da daɗin faɗa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Abin da ya dame ni da ita shi ne yadda take ɗaukar jama'a kamar gero a gona, wanda za a murza zangarniya a gane ko ya nuna. A nawa nazarin, abin da ya fi danne irin waɗannan 'yan takara shi ne zaton da kowane mai zaɓe yake yi wa ɗan'uwansa, da kuma lissafin masu riƙe da ƙofar jam'iyya. Ƙyamar da ke zukata tana nan, ba na musunta ta, amma tsoron ƙyamar ya fi ita kanta aiki.

A fara da abin da mutane suke faɗa da bakinsu. Cibiyar Gallup, wadda ta daɗe tana jin ra'ayin Amurkawa, ta tambaye su a 1937 ko za su zaɓi mace ta zama shugabar ƙasa. Kashi 33 cikin 100 ne suka ce e. Tambayar ma kanta da walakin, domin cewa aka yi idan macen ta cancanta ta sauran fuskoki, wato kamar zama mace wani tabo ne da za a yi haƙuri da shi. A 1958 aka yi irin wannan tambaya game da baƙar fata, waɗanda suka amince ba su kai kashi 40 ba. A lokacin ma baƙaƙen fata da yawa a jihohin kudu ba sa iya jefa ƙuri'a, ana tare su da jarrabawar karatu da harajin zaɓe da barazana, sai da dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta zo. Kafin ƙarshen shekarun 1990, amsar e ta haura kashi 90 ga mace da baƙar fata duka. Da baki ne ake naɗa shugaba, da tuni an wuce wurin.

Maganar dattijon teburin shayi tana da tushe, ko da bai san sunanta ba. A 1982 Tom Bradley, baƙar fata kuma magajin garin Los Angeles, ya nemi gwamnan Kalifoniya. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna yana gaba, amma da aka ƙirga na gaske sai George Deukmejian ya kayar da shi da ɗan ƙaramin rata. Daga nan masu sharhi suka fara cewa akwai fararen fata da ke jin kunyar faɗa wa mai tambaya cewa ba za su zaɓi baƙar fata ba. Wasu sun yi jayayya, suka ce a wannan ranar akwai ƙuri'ar taƙaita mallakar bindiga da ta fito da mutanen karkara fiye da yadda aka zata. Sai kuma 1989 ta ƙarfafa zargin: Douglas Wilder, wanda hasashe ya ba shi tazara mai faɗi a jihar Virginia, ya ci da ƙasa da ƙuri'a 7,000 cikin kusan miliyan 1.8, ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a Amurka. Amma a 2008 wannan ɓoyayyen rata bai bayyana ba. Abin da hasashe ya faɗa shi akwati ya haifar: Obama ya samu kusan kashi 53 na ƙuri'u, da wakilan jihohi 365 (waɗanda yawansu ne ke tabbatar da wanda ya ci shugabancin Amurka) a kan 173 na McCain, har da jihohin Virginia da Indiana waɗanda rabon jam'iyyar Dimokurat da cin su tun 1964.

Labarin da ya fi koya mini darasi a wannan zaɓe ya faru tun kafin Nuwamba. A ƙarshen 2007, baƙaƙen fata masu yawa a jam'iyyar Dimokurat suna bayan Hillary Clinton ne, har da wasu manyan da suka yi gwagwarmayar 'yanci tare da Martin Luther King. Ba ƙin Obama suke ba. Sun ga Jesse Jackson ya nema a 1984 da 1988, a karo na biyu ya tara ƙuri'a kusan miliyan 7 a zaɓen fidda gwani, amma bai kai labari ba. Sun san ƙasarsu, kuma ba sa son su zubar da ƙuri'a a rijiya. Wasu tsofaffin mata ma tsoronsu ya wuce na faɗuwa, suna gudun kada a kashe yaron, domin sun ga abin da aka yi wa King a 1968. Sai ranar 3 ga Janairu 2008 ta zo, aka yi zaɓen fidda gwani na farko a Iowa, jihar manoman masara da fararen fata suka haura kashi 90 na mutanenta. Obama ya zo na ɗaya, Hillary ta zo ta uku. Makonni uku bayan haka, a South Carolina inda baƙaƙen fata suke kusan rabin masu zaɓen jam'iyyar, ya kwashe kusan kashi 80 na ƙuri'unsu. Mutumin bai canza ba, manufofinsa ba su canza ba. Abu ɗaya ne ya faru: baƙaƙen fata sun ga fararen fata sun zaɓe shi. Gani ya kori ji.

Wannan shi ne zaton da nake magana a kai, kuma a kan mata ya fi bayyana. A tsakiyar 2019, lokacin da mata shida suke neman tikitin Dimokurat, cibiyar Ipsos ta tambayi 'yan jam'iyyar da 'yan ba-ruwanmu ko hankalinsu zai kwanta da shugaba mace. Kusan uku cikin huɗu suka ce e. Da aka tambaye su ko maƙwabtansu ma haka, sai ɗaya cikin uku kawai ya amsa. To duba yadda wannan yake aiki a zaɓen fidda gwani. Mutum yana son Elizabeth Warren ko Amy Klobuchar, biyu daga cikin matan shidan, amma babban burinsa a kayar da Donald Trump, kuma ya yi imani cewa wani ma'aikacin masana'anta a Michigan da bai taɓa gani ba ba zai zaɓi mace ba. Sai ya ajiye wadda yake so, ya dangwala wa Joe Biden, dattijo farar fata, don ya fi kama da wanda zai ci. Masu ba da kuɗin yaƙin neman zaɓe su ma haka suke lissafi, 'yan jarida su ɗauki lissafin su yi ta maimaitawa, har ya zama kamar wani abu tabbatacce. Ita macen an cire ta tun ba a je gaban ma'aikacin Michigan ɗin ba, ba a ma tambaye shi ba.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin launin fata da jinsi wanda mutane kan tsallake. Baƙaƙen fatar Amurka al'umma ce mai unguwanninta da majami'unta da tarihinta na wahala guda, kuma tun shekarun 1960 mafi yawansu jam'iyya ɗaya suke bi. John Kerry, farar fata, ya samu kusan kashi 88 na ƙuri'unsu a 2004. Obama ya ɗaga wannan zuwa kusan 95, ya kuma fito da waɗanda ba su saba fita ba, har a 2012 yawan fitowar baƙaƙen fata ya zarce na fararen fata a karon farko. Mata kuwa ba ƙabila ba ce. Suna cikin kowane gida da kowace jam'iyya, suna tarayya da mazansu da iyayensu a addini da aljihu da ra'ayi. A 2016 fararen mata sun fi karkata ga Trump a kan Hillary, duk da faifan muryarsa da ya fito wata guda kafin zaɓe yana alfahari da cin zarafin mata. Wanda duk ya ɗauka mata za su taru bayan mace don kawai mace ce, bai san mata ba, a Amurka ko a ko'ina. Shirley Chisholm, baƙar fata mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin Amurka a zaɓen 1968, wadda ta nemi tikitin shugaban ƙasa a 1972, ta sha faɗa cewa a siyasa zama mace ya fi jawo mata cikas a kan zama baƙar fata. Ita da ta ɗanɗana duka biyun, maganarta abin saurare ce.

Yanzu sai a dubi hujjar da ake kafawa da ita, wato faɗuwar Hillary da Kamala. Gwaji biyu ne kacal a tarihin ƙasar da ta yi shugabanni sama da 40, kuma mutum ɗaya ne ya kayar da su duka. Hillary ta fi Trump yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 2.9. Abin da ya hana ta kujera shi ne tsarin wakilan jihohi, inda ƙasa da ƙuri'a 80,000 a Michigan da Wisconsin da Pennsylvania suka karkatar da sakamakon. Yaya za a ce ƙasar da mutum miliyan 65 da ɗoriya suka zaɓi mace ba ta shirya ba? Ga kuma kayan da ta shigo da su: shekara kusan 25 tana bakin jama'a, maƙiyanta sun daɗe da shirya mata, jam'iyyarta na neman wa'adi na uku a jere, abin da sau ɗaya tak aka yi tun shekarun 1950, wato nasarar George Bush babba a 1988. Kwana 11 kafin zaɓe kuma shugaban hukumar FBI, James Comey, ya sake tayar da binciken saƙonninta na imel.

Ita Kamala a tsakiyar rafi aka miƙa mata linzami. Biden ya janye ranar 21 ga Yuli 2024, ya bar mata kwana 107. Ita ce mataimakiyar shugaban da a zamaninsa hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, abin da Amurkawa suka yi shekara 40 ba su gani ba. Wanda ya je kasuwa ya ga kuɗin ƙwai da haya da mai sun tashi ba ya buƙatar ƙin mata kafin ya fusata da gwamnati. Kuma 2024 shekara ce da masu mulki suka sha wuya kusan ko'ina: 'yan Conservative sun faɗi a Birtaniya bayan shekara 14, jam'iyyar da ta mulki Botswana tun samun 'yancin kai ta faɗi, NPP ta faɗi a Ghana, ANC ta rasa rinjaye a Afirka ta Kudu. Duk maza ne ke jagorantar waɗannan jam'iyyu. Kamala ta sha kaye da wakilai 226 a kan 312, amma a ƙuri'un jama'a ratar ba ta kai kashi 2 ba. Shi ma Obama in aka duba, iska ce ta kaɗa masa: yaƙin Iraƙi ya gundiri mutane, farin jinin George Bush ƙarami ya zube, bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008, tattalin arziki ya shiga halin ni-'yasu. Da a shekarar da jam'iyyarsa ke kan mulki cikin tsadar rayuwa ya fito, da wataƙila yau labarin da ake ba mu shi ne Amurka ba ta shirya wa baƙar fata ba.

Kada a fahimce ni da cewa wariya ta mutu. Wanda ya ga yadda aka yi shekaru ana ƙaryata cewa a Amurka aka haifi Obama, har sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Hawaii a Afrilun 2011, ya san tana raye, kuma Trump ne ya fi kowa kaɗa wannan ganga. Wanda ya ji yadda aka riƙa tattauna dariyar Kamala da muryar Hillary da tufafinsu ya san akwai sikelin da mata kaɗai ake ɗora wa: in ta yi taushi a ce ba za ta iya da sojoji ba, in ta yi zafi a ce ba ta da kirki. A ƙasar da jam'iyyu biyu suka raba jama'a kusan daidai, yawancin mutane jam'iyya suke zaɓa ko wa ta tsayar, don haka ƙyama ba ta buƙatar mutane da yawa. Mutum biyu cikin ɗari a jihohi uku sun isa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma nauyi ne da ake iya rinjaya idan sauran abubuwa sun daidaita, kamar yadda 2008 da 2012 suka nuna.

In aka leƙa wajen Amurka sai a ƙara ganin cewa hanyar da ake bi zuwa kujerar tana da tasiri fiye da halin mutanen ƙasar. Yawancin matan da suka fara mulki ta tsarin firaminista suka hau, inda 'yan majalisa ko 'yan jam'iyya ke zaɓar jagora, jama'a kuma su zaɓi jam'iyya: Sirimavo Bandaranaike a Sri Lanka a 1960, Indira Gandhi a Indiya a 1966, Margaret Thatcher a Birtaniya a 1979, Angela Merkel a Jamus a 2005. Rishi Sunak, ɗan asalin Indiya, ya zama firaministan Birtaniya a 2022 ba tare da an je babban zaɓe ba. Wasu kuma sunan gida ne ya buɗe musu ƙofa, kamar Benazir Bhutto a Pakistan a 1988, da Khaleda Zia da Sheikh Hasina a Bangladesh, da Megawati a Indunisiya. Joyce Banda a Malawi da Samia Suluhu Hassan a Tanzaniya rasuwar shugaba ce ta ɗora su daga kujerar mataimakiya. Zaɓen kai tsaye, inda mace za ta tsaya ita kaɗai gaban dukan ƙasa, ya fi wuya, shi ya sa nasarar Ellen Johnson Sirleaf a kan George Weah a Laberiya a 2005 take da girma, haka ma ta Netumbo Nandi-Ndaitwah a Namibiya a ƙarshen 2024.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Meziko, maƙwabciyar Amurka, ƙasar da ta yi suna da tinƙahon mazantaka, wadda sai a 1953 mata suka samu cikakken 'yancin zaɓe, shekara 33 bayan Amurka. Ba su tsaya jiran zukata su nuna ba. A 2014 suka sa a kundin tsarin mulki cewa rabin 'yan takarar majalisa na kowace jam'iyya su zama mata, a 2019 suka faɗaɗa dokar zuwa sauran muƙamai. Cikin shekara goma ido ya saba da mata gwamnoni da ministoci da shugabannin majalisa. Da zaɓen 2024 ya zo, manyan 'yan takara biyu duk mata ne, Claudia Sheinbaum da Xóchitl Gálvez, kuma Sheinbaum ta ci da kusan kashi 60. Tambayar ko maƙwabci zai yarda ba ta ma samu wurin zama ba.

Wannan ya shafe mu, domin tsarin shugaba mai cikakken iko da Najeriya ta fara bi a 1979 daga Amurka aka aro shi, har da wahalarsa. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970, bayan irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a zamanin NEPU. A wajenmu akwai kuma batun addini, da hadisin da malamai ke kawowa kan mutanen da suka shugabantar da mace, da saɓanin da ke tsakaninsu kan ko hukuncin ya game kowane muƙami ko babban shugabanci kaɗai. Wannan fage ne na malamai, kuma mai zaɓen da ya tsaya a kansa bisa imaninsa ba da wasa yake ba. Amma yawancin abin da na ji da kunnena a 2023 ba wannan ba ne. Wata goggona da ke aure a Yola, da na kira ta ana saura kwanaki zaɓen gwamna, cewa ta yi, "Ɗana, ni Binani zan yi, amma ka san mazan nan ba za su bari ba." Maganar 'yan Dimokurat ɗin Amurka ce sak, a bakin matar da ba ta taɓa jin sunan Ipsos ba.

To ga abin da ya faru a Adamawa. Sanata Aishatu Dahiru Binani ta kayar da maza a zaɓen fidda gwani na APC a 2022, cikinsu har da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Jibrilla Bindow. A babban zaɓe ta tara ƙuri'a sama da 398,000, gwamna mai ci Ahmadu Fintiri ya samu sama da 430,000, bayan an je zagaye na cike giɓi da kuma rikicin sanarwar da kwamishinan zaɓe na jihar ya yi ba bisa ƙa'ida ba, wadda INEC ta soke. Kafin ita, marigayiya Aisha Jummai Alhassan ta girgiza Taraba a 2015, har kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara kafin manyan kotuna su mayar wa Darius Ishaku. Jihohin Arewa biyu ke nan da jama'a suka kusa naɗa mace gwamna da aka ba su dama.

Damar ce ba a cika bayarwa ba. A zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa na PDP a Janairun 2011, Sarah Jibril ƙuri'a ɗaya ta samu daga dubban daliget. A Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi ware wa mata kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. A wannan shekarar APC ta sa fam ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sa miliyan 40, ban da abin da daliget ke jira da tarukan dare da ake yanke shawara a cikinsu. Majalisar dattawa ta goma ta buɗe da mata 3 cikin 109, daga baya kotu ta ƙara ta huɗu. A takardar ƙuri'ar shugaban ƙasa ta 2023 kuwa 'yan takara 18 ne, mace ɗaya ce a cikinsu, kuma ba a ɗaya daga jam'iyyu huɗun da suka ci jihohi take ba.